Tambayoyi da amsoshi kan kalmar "baki" a tsofaffin jaridun Hausa

Tambayoyin nan yawanci ɗalibai ne masu rubuta furojet suke turo min su, wasu daga Samaru wasu daga Kongo, wato harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu kuma 'yan kwalejin ilimi, kuma kusan abu ɗaya ake ta maimaitawa shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda kowa ya huta. Abu ɗaya dan Allah tun kafin mu yi nisa: jimlolin da zan kawo na misali nawa ne, ni na ƙaga su a kan salon wancan zamanin don bayani ya fito, kar wani ya kwafa ya je ya ce wa malaminsa daga jarida ya ciro.

Wai wace jarida ake nufi in an ce tsohuwar jarida?

Mu nan Zariya ba sai an yi dogon bayani ba, Gaskiya Ta Fi Kwabo ake nufi. A nan garin ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na farko, Rupert East kuma shi ke riƙe da hukumar talifin da ta haife ta, da farko wata-wata take fitowa kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya, wanda har yau in ka ce wa ɗan acaɓa Gaskiya ya san inda zai kai ka. Daga baya cikin shekarun 1950, zamanin NORLA, hukumar buga littattafai ta Arewa, da yaƙi da jahilci, aka yi ƙananan jaridu na larduna, Bazazzaga tamu ta Zazzau, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato. To duk waɗannan in na ce tsohuwar jarida su nake nufi, daga 1939 zuwa wajen shekarun 1960.

Me ya sa baki? Ga hannu ga kai ga ido ga ciki.

Duk suna da nasu, hannu ma kaɗai ya isa furojet guda. Amma aikin jarida aikin magana ne, wane ya ce, wane ya musa, wane ya yi shiru, kuma Bahaushe in zai yi magana a kan magana da baki yake yi. Sannan ka tuna jaridar wancan lokacin ba don ido kaɗai aka rubuta ta ba, masu karatun boko ba su da yawa, mutum ɗaya ne zai saya ya zauna a zaure ko gindin bishiya ya karanta da ƙarfi jama'a na saurare, mai rubutu kuma ya san da haka, dole ya rubuta yadda in an karanta tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai gyaɗa kai. Shi ya sa Hausar ta fito da kayan aikin hira, kuma baki na cikin manyansu.

A ina zan samu baki na zahiri, wato baki dai na cin tuwo?

Ba shi da yawa, ka shirya ma ranka. Inda ya fi fitowa shi ne shafin kiwon lafiya da gargaɗi, a rufe baki in za a yi tari, a wanke baki da asuwaki, yaro ya yi ƙuraje a baki, sai labarin dabbobi, cutar da ke kama bakin shanu da kofatonsu, ko linzami a bakin doki. Wani lokacin labarin kotu, an doke shi a baki haƙori ya fita. Shikenan fa. In ka tara misali masu yawa za ka ga na zahirin su ne 'yan tsiraru, kuma wannan kansa sakamako ne da za ka iya rubutawa, ba gazawarka ba ce.

Buɗa-baki na azumi yana tsakiya, don da gaske bakin ake buɗewa a sa dabino, amma kalmar ta riga ta zama sunan lokaci da sunan abincin, har a ce an kai wa masallaci buɗa-baki a kwano.

Malam, "bakin kogi" fa? Zahiri ne ko adon magana? Malamina ya ce adon magana ne, wani kuma ya ce a'a.

A nan ne yawancin ɗalibai ke maƙalewa, kuma ni a ganina laifin tambayar ne da ta ce dole kwando biyu ne kawai. Kogi ba shi da leɓe ba shi da haƙori, to ta wannan fuskar aro ne aka yi daga jikin mutum. Amma fa wanda ya rubuta cewa an tsinci kaya a bakin Kubanni, ko manoman rake na bakin Galma sun yi asara saboda ambaliya, wallahi ba ado yake wa magana ba, wuri yake nuna maka, kuma ba shi da wata kalmar da ta fi wannan sauƙi. Aron ya tsufa har ya zama gida. Bakin kasuwa, bakin ƙofa, bakin hanya, bakin ganuwa, bakin rijiya, bakin daji, duk ma'anarsu gefe ko mashiga ko inda abu ya fara. Har ya shiga sunayen wurare, Bakin Dogo a Kaduna, dogo ɗin nan layin jirgin ƙasa ne, Bakin Ruwa, Bakin Zuwo a Kano unguwar da Sabo Bakin Zuwo gwamnan Kano na 1983 ya ci sunanta. Ba wanda ke jin Bakin Dogo ya tuna da harshe da yawu.

Shawarata ka yi kashi uku. Baki na jiki, baki na wuri, baki na magana da hali. Gwajin kuma mai sauƙi ne, ka cire baki ka sa gefe ka gani in jimlar ta zauna, in ta zauna na wuri ne. In ba ta zauna ba ka gwada sa magana ko ra'ayi. In duk biyun sun ƙi kuma likita zai iya cewa buɗe in gani, to na jiki ne. Za ka samu waɗanda suka ƙi shiga ko'ina, kar ka tura su da ƙarfi, ka ware musu shafi ka yi bayani, galibi ma su ne suka fi daɗin tattaunawa ranar difens.

Karin magana kuma nata daban ne, ku lura da wannan sosai. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, bakin da ke ciki na jiki ne tsaf, wanda kunu ke ƙonawa, jimlar ce gaba ɗayanta ta zama adon magana. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, wannan baki na wuri ne a cikin karin magana. Baki shi ke yanka wuya kuwa tun daga kalmar aron ya fara, don furuci ake nufi. Edita na son rufe sharhi da irin waɗannan, to kar ka ga karin magana kawai ka yi maza ka jefa kalmar a kwandon ado ba ka duba ba.

Na ga "bakin daga" a labaran yaƙi. Daga ina wannan?

Ba jarida ta ƙago shi ba, tsohuwar kalmar yaƙi ce tun zamanin dawaki da sulke, daga ita ce sahun mayaƙa in an ja an tsaya, bakinta kuma gaba-gaba inda ake haɗuwa da abokan gaba. Abin da ya faru shi ne Gaskiya ta fara fitowa a shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sojojinmu sun je Habasha a 1940 da 1941, daga baya aka kai su Bama suka yi da Japan, iyaye da mata na gida suna son labari, sai mai rubutu ya ɗauki kalmar da kakanni suka sani ya ɗora wa yaƙin igwa da jirgin sama. Haka bakin bindiga da bakin wuta. Bayan yaƙin ma da Amurka da Rasha suka shiga zaman doya da manja ai da baki aka raɗa wa abin suna a Hausa, yaƙin cacar baka, har yau shi ake faɗa a rediyo.

To "a bakin aiki" da "a bakin sule goma" fa?

A bakin aiki na wuri ne da ya ɗan zarce, yana kan aikinsa ke nan, an kama shi yana barci a bakin aiki, ya rasu a bakin aiki. Na kuɗin kuma iyaka yake nunawa, inda ciniki ya tsaya, an sallama a bakin sule goma. Kuma dan Allah 'yan zamani, kafin 1973 ba naira, fam ne da sule da kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, akwai sisi akwai taro, kar ka ga sule a labarin farashin auduga ko gyaɗa ka ɗauka sunan mutum ne. Wannan ma'anar ta iyaka ita ce a bakin ƙoƙarinsa, da a bakin ransa.

Me ya sa suke yawan cewa "ta bakin wane"?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don a nan ne za ka ga kalmar tana aiki ba kwalliya ba. Ka tuna halin da mai rubutun yake ciki. Jaridar da goyon bayan gwamnatin Turawa take fita, ga Razdan ga Di'o, ga kuma En'e da sarakuna da alƙalai waɗanda a wancan lokacin kotu da 'yan doka da gidan yari duk a hannunsu suke, nan Zazzau Sarki Ja'afaru ne a kan gado daga 1937 har 1959. Mutumin da ke rubutu a tsakanin waɗannan dole ya iya bakinsa. To in ya rubuta cewa haraji ya yi wa talakawan wani gari nauyi, maganarsa ce, shi zai amsa. In kuwa ya ce mun ji ta bakin wani manomi cewa haraji ya yi musu nauyi, ya faɗi abin da yake son faɗa kuma ya nuna ba shi ya ce ba. Wasiƙun masu karatu ma irin wannan amfanin suka yi, ƙorafi ya fito a jarida amma daga bakin mai wasiƙa.

Sai dai ta bakin kala biyu ne, kar a haɗa. Akwai na jingina labari, mun ji ta bakin hakimi, ba a ji ta bakinsa ba tukuna, wato ba a ji ɓangarensa ba. Akwai kuma na aron hikima, ta bakin Hausawa, ta bakin masu iya magana, ta bakin malam wane, wannan ba labari ake jinginawa ba, goyon baya ake nema, ana cewa ba ni kaɗai ke ganin haka ba magabata ma sun faɗa. Na farkon a labarai za ka fi ganinsa, na biyun a sharhi da wasiƙu.

Kuma Bahaushe ya san haɗarin abin tun kafin a zo da injin buga jarida, shi ya sa yake da maganar ari bakin mutum a ci masa albasa, wato ka faɗi magana da sunansa bai aike ka ba, warin ya bi shi. Duk wanda ya taɓa ganin an rubuta ya ce alhali bai ce ba ya san zafin wannan.

Sa baki da tsoma baki ba ɗaya ba ne?

Ina! Hakimi ya sa baki an sasanta rikicin gona, wannan yabo ne, babba ya shiga don gyara. Wane ya tsoma baki a maganar da ba tasa ba, wannan zargi ne, shisshigi ke nan. Sa baki na iya zama na shisshigin ma in an ce waye ya ce ka sa baki, amma tsoma baki da wuya ka ji shi a wurin yabo. To in kana karanta labarin siyasar shekarun 1950, lokacin da NEPU da Jam'iyyar Mutanen Arewa ke ja-in-ja, ka duba wa aka ce ya sa baki wa aka ce ya tsoma, nan za ka gane inda zuciyar mai rubutun ta karkata ko da bai fito ya faɗa ba.

Haka haɗa baki da baki ɗaya. An haɗa baki da mai gadi an sace kaya, makirci ne, kusan kullum sharri ne. Amma magana da baki ɗaya haɗin kai ne, irin abin da za a ce game da wakilan Arewa a taron Ibadan na 1950 inda Sarkin Zazzau da na Katsina suka tsaya kan sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya. Sannan baki ɗaya na da wata ma'anar ta gaba ɗaya, garin ya ƙone baki ɗaya, Nijeriya baki ɗaya, a nan ba maganar kowa a ciki. Baki biyu kuwa mai faɗa nan ya canza can. Ba da baki lallashi ne, an ba ta baki ta koma ɗakinta. Yi wa mutum baki la'ana ce, musamman ta iyaye. Cika baki alfahari. Dubi yadda aikatau ɗaya ke juya kalmar daga sulhu zuwa tsinuwa, shi ya sa nake ce wa ɗalibai kar ku rubuta baki shi kaɗai a katin da kuke tara misalai, ku rubuta shi da maƙwabcinsa.

Toshiyar baki cin hanci ne?

Dangi ne amma ba ɗaya ba. Hanci ana ba da shi don a yi maka abu, toshiyar baki don a yi shiru. Ga wata gaɓar jikin ma ta shigo, hanci, wanda ke neman taken furojet ga shi nan kyauta.

Ya zan bambanta baki da baƙi in lanƙwasar ba ta fito ba?

Wannan matsalar ta gaske ce. Kalmomi ne har huɗu suke kama da juna a takarda: baki na fuska, baƙi launi, baƙi jam'in baƙo, sai baƙi na rubutu wanda ake haɗawa da wasali, wannan na ƙarshen za ka yi ta cin karo da shi a rubuce-rubucen yaƙi da jahilci. Kafin haruffa masu lanƙwasa su zauna, wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi wasu ɗan waƙafi a gefe, tafireta kuma da yawa ba ta da su sam. Ko inda aka buga da lanƙwasar, ka ɗauki takardar da ta shekara saba'in ta yi ja ta yi ƙamas, tawada ta ɗan bazu, kan ƙ ɗin ya cushe ya zama ɗigo, aka zo aka yi fotokwafi, aka yi fotokwafin fotokwafin, kai kuma ka ɗauka da waya a ɗakin da ba wuta. Lanƙwasar ta tafi.

To sai ka koma ga ma'ana. Bakin gari sun taru a ƙofar fada, gefen gari ba ya taruwa, baƙi ne. An ba shi bakin ruwa ya sha, baƙin ruwa ne, wato ruwa zalla ba gari ba fura. Ya sauka a bakin ruwa, wannan gaɓar kogi ce. Bakin ƙarfe na iya zama tsinin ƙarfen, baƙin ƙarfe kuma irin ƙarfen ne. Dabara ta biyu ka duba jinsi da jam'i, launi yana canzawa ya bi abin da yake siffantawa, baƙar riga, baƙaƙen shanu, baki na fuska ba ruwansa da wannan, jam'insa bakuna. Dabara ta uku ka karanta da ƙarfi, kunnenka ya fi idonka sanin Hausa, launin gajere ne a furuci, na fuska da na baƙo kuwa ana jan ba ɗin. Masu ajami sun ɗan huta, galibi kaf daban ƙaf daban, ga alif na ja.

Kenan "bakin ciki" ba ya cikin lissafina?

Ba ya ciki, cire shi. Baƙin ciki ne, kishiyar farin ciki, haka baƙin jini da farin jini. Gaɓar jikin da ke nan ciki ce da jini, ba baki ba. Kusan duk furojet ɗin da aka kawo min in duba sai na tarar da shi a jerin.

"Baka" fa, kuskuren buga rubutu ne?

A'a, sigar baki ce da ake amfani da ita in ana nufin a cikin baki ko ta hanyar baki, kamar yadda kai ke komawa ka a ɗauka a ka. Ya sa a baka, an faɗa masa da baka ba a rubuce ba, suɓul da baka, adabin baka. Dole ka sa ta a lissafinka in ba haka ba ka zubar da misalai masu kyau. Amma ka yi hattara da baka na harbi abokin kwari, da kuma ba ka da ake haɗewa, na baka kuɗi. Tsohon rubutu ma yana da nasa raba kalmomin da ya saɓa da na yanzu, za ka ga ya ke, su ke, a ke a rabe, ba kuskure ba ne ƙa'idar lokacin ce.

Tunda a Zariya ake buga ta, Zazzaganci ne a ciki?

Ba sosai ba. Daidaitacciyar Hausa aka bi wadda ta fi jingina da Kananci, shi Imam ɗin ma haifaffen Kagara ne kuma a Katsina ya yi karatu. Mu da ake tsokana wai ba mu raba mace da namiji a magana, mota ne riga ne, ba za ka ga wannan a shafin farko ba. Maganganun baki ɗin nan kuwa na kowa ne, Bazazzagi da Bakano da Basakkwace duk sun san sa baki.

Gaskiya ne Hausar jaridun yanzu ba ta kai ta da ba?

Ni ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Na da ɗin ma fassara suke yi, labaran waje daga Turanci suke zuwa musu, kuma akwai inda Hausarsu ke yin tauri. Bambancin da nake gani shi ne su suna karanta labarin su ajiye su sake faɗarsa kamar za su gaya wa maƙwabci, yanzu kuma sauri ya yi yawa, labari ya fito ƙarfe goma ana so ya hau intanet goma da kwata, sai a bi jimlar Turancin kalma-kalma. Nan ne za ka ga an yi layi biyu ana kewaye abin da bakinsa ya mutu ko ya kame bakinsa zai gama da shi. Amma kalmar ba ta mutu ba ko kaɗan, shiga Facebook ranar da aka yi wata rigima ka ga cacar baki, fatar baki, sakin baki, iya bakinka, duk suna nan da ransu. Daga shafin labarai ne suka ɗan ja baya suka koma wurin masu sharhi a ƙasa.

A ina zan ga jaridun, kuma ya zan tattara misalan?

Ka fara da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru ka tambayi ɓangaren da ke ajiye tsofaffin jaridu da kayan tarihin Afirka, sannan ka shirya shiga mota zuwa Kaduna, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ka tafi da takardar gabatarwa daga sashenku da katin makaranta, ka tambayi ƙa'idarsu kan ɗaukar hoto kafin ka ciro waya, kuma takardun nan sun tsufa, a hankali ake juya su, ba a lasar yatsa.

Kar ka ce za ka karanta shekara ashirin, ba za ka gama ba. Zaɓi shekara ɗaya ta lokacin yaƙi da ɗaya ta lokacin siyasa, ko wata uku nan wata uku can. Kowane misali ka kwafe jimlar cikakkiya har da wadda ta gabace ta, da kwanan wata da shafi, da irin rubutun, labari ne ko sharhin edita ko wasiƙa ko talla ko sanarwar gwamnati, don wannan layin na irin rubutu shi zai ba ka abin faɗa a babi na huɗu. Ka kwafa yadda aka buga, kar ka gyara musu rubutu, in kana shakkar lanƙwasa ka sa alama a gefe ka koma ka duba asalin. Ma'anar da ta shige maka duhu ka duba ƙamusun Bargery na 1934 don zamaninsu ɗaya da jaridar, in bai warware ba ka kai wa wani tsoho a cikin gari ka karanta masa jimlar da baka, kar ka nuna masa takardar.